Tsokaci a Kan Yadda Ake Bayanin Inzayim da Hausa a Makarantun Keffi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a bayan aji a wata makarantar sakandare ta Keffi, ko ta garuruwan da ke kusa da ita kamar Garaku da Gitata, ya saurari darasin bayoloji, zai lura cewa da harshe biyu ake koyarwa, ko da yake ɗaya kawai takarda ta sani. Malami zai rubuta ma'ana a allo da Ingilishi, ɗalibai su kwafa. Idan ya waiwayo ya ga aji ya yi tsit, sai ya ajiye alli ya sake bayanin da Hausa. Abin da ya faɗa a cikin mintuna biyu ko ukun nan shi ne yake zama a kan yaro, na allo kuwa ajiya ce ta ranar jarrabawa. Wannan maƙala tarke ce ta waɗannan 'yan mintuna, a kan batu guda, wato inzayim, da yadda yake aiki a jikin masu rai.

Akwai dalilin zaɓen Keffi. A aji guda ana samun 'ya'yan Gwandara da Gade da Gbagyi da Eggon da Mada da Fulani da Hausawa, kuma Hausa ce harshen da ya haɗa su a kasuwa da filin wasa. Ga da yawansu Hausa harshe na biyu ce. Ke nan duk kalmar da malami zai yi amfani da ita, da ma'anarta ta kasuwa da ta madafi yaro zai karɓe ta, ba da wata ma'ana da wani kwamiti ya ɗora mata ba.

Gaskiya ne manufar harshe a ƙasar nan ta yi ta juyi. A watan Nuwamba na 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa har shekara shida, sa'an nan a Nuwamban 2025 Ministan Ilimi ya ba da sanarwar janye wannan tsari, aka koma ga Ingilishi. To amma babu sanarwar da ta taɓa hana malami juyawa zuwa Hausa idan ya ga ɗalibansa sun ɓace. Tun da za a yi bayanin ko an yarda ko ba a yarda ba, hakkin masu tsara manhaja ne su duba ko bayanin da ake yi daidai ne. Ayyukan keɓaɓɓun kalmomi da aka yi a baya ba su rufe wannan giɓi ba. Jerin kalmomin kimiyya da lissafi cikin harsunan Nijeriya tara da aka buga a 1987 ya tsaya ne ga matakin firamare, shi kuwa ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya shafi nazarin harshe da adabi da dabarun koyarwa ne. Malamin bayoloji na babbar sakandare an bar shi da abin da ya zo masa a baki.

2.0 "Sinadarin narkar da abinci"

Abin da ya fi zuwa bakin malamai, kuma shi ake ji a shirye-shiryen kiwon lafiya na rediyo, shi ne cewa inzayim "sinadarin narkar da abinci" ne. Jimlar tana da daɗin faɗi, ba ta da wuyar riƙewa. Sai dai kowace kalma a cikinta tana da nata aibi.

Kalmar "sinadari" ta zama jakar magori. Da ita ake kiran ɗanɗanon miya da bitamin da takin zamani da maganin feshi da guba. Duk waɗannan kuwa, a tunanin mai saurare, abubuwa ne da ake zubawa a cikin wani abu, su shige ciki, su ƙare. Wannan shi ne ainihin abin da inzayim ba ya yi. Shi furotin ne, galibi, mai wata siffa ta musamman, wanda yake kama abu ɗaya, ya sauya shi, ya sake shi, sa'an nan ya kama na gaba yana nan yadda yake. Na ce "galibi" ne da gangan, domin ana sa yara su haddace cewa kowane inzayim furotin ne, alhali Sidney Altman da Thomas Cech sun sami lambar yabo ta Nobel a 1989 saboda nuna cewa akwai nau'in RNA da ke yin irin wannan aiki.

Kalmar "narkar" ta fi ɓarna. A Hausa kitse ne yake narkewa a wuta, gishiri ya narke a ruwa, dalma ta narke a maƙera. A duk misalan nan abin bai sauya zatinsa ba: narkakken kitse kitse ne, idan ya huce zai daskare ya koma yadda yake. Yaron da aka ce masa inzayim yana narkar da tuwo zai ɗauka tuwon ya zama ruwa-ruwa ne kurum. Ba zai taɓa kawo wa ransa cewa sitacin tuwon ya daina zama sitaci ya koma sukari ba, kuma wannan shi ne darasin gaba ɗaya.

Kalmar "abinci" kuma ta kulle batun a cikin hanji. A nan laifin ba na malami kaɗai ba ne. Shekara da shekaru manhajar bayoloji ta babbar sakandare da ta jarrabawar WAEC sun fi ajiye inzayim a ƙarƙashin cimar dabbobi, inda ake jera amiles na yawu da fefsin na tumbi da tirifsin na fankiriyas, kowanne da abin da yake ci da abin da yake fitarwa. A sauran babuka sai a ambace shi a gurguje. Sakamakon haka ɗalibi yakan kammala sakandare bai san cewa ganyen dawa da inzayim yake ɗaukar iskar kabon ya ƙulla sukari ba, kuma da inzayim ƙwayar halitta take kwafar DNA ɗinta kafin ta rabu biyu. Babban ɓangare na aikin inzayim gini ne da ƙulli, jimlarmu kuwa rushewa kaɗai ta sani. Abin lura, inzayim na farko da masana suka ware ba daga cikin mutum ya fito ba. A 1833 Anselme Payen da Jean-François Persoz na Faransa suka fitar da shi daga tsiron sha'ir. Wato daga tsiron hatsi ilimin ya fara, kuma tsiron hatsi ba baƙo ba ne a kowane gida na Keffi.

3.0 Kunu ya tsinke

Bari mu bi matar da ke yin kunun zaƙi na sayarwa. Takan jiƙa gero ko dawa, ta niƙa da citta da kanumfari, ta raba ƙullun gida biyu. Babban kaso ta dama shi da tafasasshen ruwa, ya yi kauri har ludayi ya tsaya a ciki. Ƙaramin kaso ta bar shi ɗanye, ta haɗa shi da niƙaƙƙen tsiron shinkafa ko na dawa, wasu kuma busasshen dankali suke sawa. Ba ta zuba ɗanyen nan a kan mai tafasa. Sai ya ɗan huce tukuna ta haɗa, ta juya, ta rufe. Kafin a jima abin da ya yi kauri ya saki, ya zama ruwa, kuma zaƙi ya fito tun ba a sa sukari ba.

Idan aka tambaye ta abin da ya faru, cewa za ta yi kunun ya tsinke. Haka uwa take faɗa wa yaron da ke mayar da cokali daga bakinsa zuwa cikin koko: zai sa kokon ya tsinke. Ina ganin a duk Hausa babu kalmar da ta fi wannan dacewa da batunmu, kuma ban taɓa jin an yi amfani da ita a aji ba. Aikatau ɗin nan da shi ake cewa igiya ta tsinke, zare ya tsinke, carbi ya tsinke. Sitaci kuwa carbi ne a zahiri, 'ya'yansa gulukos, ɗaruruwa har dubbai a jere, an ƙulla kowanne da na kusa da shi. Tsawon carbin da sarƙewarsa da 'yan'uwansa su ne suke kama ruwa su kawo kauri. Harshe ba ya jin zaƙin dogon carbi, sai an gutsuttsura shi. Amiles da ke cikin tsiro aikinsa ke nan. Iri ɗaya yana tsinka carbin daga tsakiya, ko'ina ya samu, shi ya sa kauri yake faɗuwa nan da nan. Ɗaya irin, wanda ya yawaita a dankali, yana bin carbin daga baki yana ɓalle 'ya'ya bibbiyu, waɗannan tagwaye su ne sukarin da ake kira maltos, su ne zaƙin da ake ji. Amiles na yawu ɗan'uwan na farkon ne, shi ya sa cokalin yaro yake yi wa koko abin da tsiro yake yi wa kunu. Mai kunu ba ta taɓa ganin carbin sitaci ba, amma kalmar da harshenta ya ba ta ta bayyana abin da ke faruwa fiye da wadda muke koyarwa.

Daga wannan tukunya guda malami zai iya fitar da kusan duk abin da manhaja take so yaro ya haddace. Me ya sa ɗan tsiro cikin tafin hannu yake isar babbar roba? Domin inzayim ba ya ƙarewa a cikin aiki, in ya tsinka nan sai ya matsa gaba. Me ya sa ake dafa babban kaso? Domin ɗanyen sitaci a dunƙule yake, amiles ba ya samun shiga sosai sai zafi ya kumbura shi ya buɗe. Me ya sa ake jira ya huce? Domin ruwan da ke tafasa a digiri 100 yana lalata inzayim ɗin kansa. Me ya kai amiles cikin tsiro tun farko? Domin ƙwayar hatsi rumbu ce da uwa ta cika wa ɗanta da sitaci, kuma jaririn tsiro ba shi da ganyen da zai ciyar da shi, saboda haka da zarar ruwa ya taɓa ƙwayar sai ta shiga ƙera amiles don a fasa rumbun.

Akwai kuma wani bambanci da kunun yake nunawa. Idan ya kwana yakan yi ɗan tsami. Tsamin nan ba aikin tsiro ba ne, aikin bakteriya ne masu rai, waɗanda suka ci sukarin suka fitar da asid irin na nono. Ke nan zaƙin daga inzayim ya zo kai tsaye, tsamin kuwa daga halittu masu rai, ko da yake su ma da nasu inzayimomin suke aiki. Masanan Turai sun daɗe suna jayayya a kan wannan iyaka, har sai da Eduard Buchner na Jamus ya nuna a 1897 cewa ruwan da aka matse daga yis, wanda babu ƙwaya mai rai ko ɗaya a cikinsa, yana iya ruɓar da sukari.

Batun bai tsaya ga jarrabawa ba. Uwar da ke yaye yaro takan tsarma koko da ruwa don ya iya haɗiya, sai cikinsa ya cika da ruwa, abincin kaɗan. Masu binciken cimar yara a Indiya da Tanzaniya sun nuna tun shekarun 1980 cewa ɗan garin tsiro a cikin kakkauran kunu yana sa shi ya saki ba tare da an ƙara ruwa ba, yaro ya sha abin da ya fi ƙosarwa. Ɗalibar da ta fahimci tsinkewa za ta gane dalilin wannan da kanta. Wadda aka koya wa "narkewa" ba za ta ga bambancin tsiro da ruwa ba, tun da duka biyun suna mayar da kunu ruwa-ruwa.

4.0 Kwaɗo da mabuɗi

Kwatancin da littattafai suka gada don bayyana yadda kowane inzayim yake da abin aikinsa shi ne na kwaɗo da mabuɗi, wanda Emil Fischer ya kawo a 1894. Malamai suna fassara shi kai tsaye, kuma ga alama yana shiga, tun da babu yaron da bai san kwaɗon shago ba. Amma a duba da kyau. A zanen littafi inzayim ne kwaɗon, domin shi ne babba mai rami, abin da ake sarrafawa kuma shi ne mabuɗin da ke shiga ramin. A rayuwar yau da kullum kuwa mabuɗi ne mai aiki, kwaɗo ne yake sauyawa daga kulle zuwa buɗe, sa'an nan a zare mabuɗi lafiya lau a mayar aljihu. Yaro mai hankali zai yanke cewa inzayim ne mabuɗin, tun da shi ne aka ce ba ya sauyawa. Kwatancin ya dace ta fuskar siffa, ya juye ta fuskar aiki, kuma na sha ganin ɗalibai masu ƙoƙari sun rikice a daidai wannan gaɓa.

Bugu da ƙari, tun 1958 Daniel Koshland na Amurka ya gyara kwatancin. Gurbin da inzayim yake kama abu da shi ba ƙarfe ba ne sandararre. Yana lanƙwasa ya rungumi abin da ya shigo, kamar yadda hannu yake rufuwa a kan mangwaro, kuma a cikin wannan matsa ne ƙullin da za a tsinka yake yin rauni. Hannu ya fi kwaɗo a nan, domin hannu ne mai kamawa, shi ne mai aiki, kuma yana buɗewa ya koma yadda yake.

Idan ana neman misalin zaɓe, ga wanda ya fi kowanne kusa: tuwon dawa da karan dawa. Dukansu carbin gulukos ne, bambancin kawai yadda aka ƙulla 'ya'yan. Amiles ɗinmu ya san ƙullin sitaci, bai san na kara ba, shi ya sa mutum yake ƙoshi da tuwo amma ba zai rayu a kan kara ba. Saniya ma ba ta da inzayim ɗin a karan kanta, ƙananan halittun da ke tumbinta ne suke tsinka mata.

Abin da kwaɗo da mabuɗi ba su taɓo ba sam shi ne dalilin da inzayim yake gaggauta aiki. Sukari zai shekara a cikin gwangwani, ga iska tana taɓa shi, bai ƙone ba, sai an kai shi wuta mai ƙarfi. Amma a jikin mutum yana ƙonewa a hankali a digiri 37 kacal. Kowane sauyi yana da tudun da sai an haye shi kafin a gangara, kuma a zafin jiki ƙwayoyi kaɗan ne suke da ƙarfin hayewa. Inzayim ba ya ƙara musu ƙarfi, hanya yake buɗewa mai ƙaramin tudu. Ɗan Keffi da zai je bayan Dutsen Maloney ya san bambancin hawa ta kai da bi ta gefe, kuma ya san inda za a isa ɗaya ne.

5.0 "Zafi yana kashe shi"

Wata jimla da ta zama ruwan dare ita ce zafi yana "kashe" inzayim. Abin da ake kashewa mai rai ne, saboda haka yaro yakan ajiye inzayim a layi ɗaya da ƙwayoyin cuta, ya kuma ɗauka cewa kashe shi alheri ne kullum. Abin da ke faruwa shi ne furotin zare ne da aka naɗe shi naɗi na musamman, kuma naɗin ne ya samar da gurbin kamawa. Zafi mai yawa yana warware naɗin, gurbin ya ɓace. Farin ƙwai da ya dafu ba ya komawa ɗanye. Kalmar da ta dace ita ce "lalacewa", ko "warwarewar naɗi". Sanyi kuwa ba ya lalata shi, kasala kawai yake sa masa, shi ya sa abinci yake daɗewa a firji amma ba har abada ba. Tsami ma yana taɓa naɗin: fefsin ya fi aiki a wajen 2 a ma'aunin pH, amiles na yawu kuwa a wajen 7, kuma da ya isa cikin asid na tumbi aikinsa yake tsayawa.

A ƙasar rogo wannan kuskure yana iya kaiwa ga rai. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya, kuma Nasarawa tana cikin jihohin da ke noma shi da yawa. Rogo, musamman mai ɗaci, yana ɗauke da wani abu mai suna linamarin a cikin ƙwayoyinsa, yana kuma ɗauke da inzayim mai suna linamares a jikin bangon ƙwayoyin. Muddin saiwar tana lafiya ba sa haɗuwa. Idan aka goge rogon ko aka jiƙa shi ya yi laushi, bangon ya fashe, inzayim ya sami linamarin ya tsinka shi, daga nan gubar sayanayid ta fito. Shukar da wannan take kare kanta daga masu ci. Mai yin gari kuwa da wannan inzayim ɗin take tsarkake abincinta: ta goge, ta ɗaure a buhu kwana biyu ko uku don inzayim ya gama aikinsa, ta matse ruwan, sa'an nan ta soya, ragowar gubar ta bi iska. Wuta a ƙarshe take zuwa. Wanda ya gaggauta, ya kai rogo mai ɗaci wuta ko ya shanya shi ya bushe da wuri, ya lalata inzayim ɗin tun bai yi aiki ba, kuma linamarin mai yawa yana nan a cikin abincin. A nan zafin da ya "kashe" inzayim mai taimako ya kawar.

Jiki yana da nasa inzayim, a hanta musamman, wanda yake mayar da sayanayid wani abu da ke fita ta fitsari, amma yana buƙatar sulfa daga furotin na abinci. Shi ya sa cutar ta fi kama matalauta a lokacin fari ko yaƙi, lokacin da ake gajarta jiƙon rogo kuma babu wake ko kifi. Cutar shanyewar ƙafafu da ake kira konzo, wadda aka fara bayyanawa a Kwango a 1938, ta ɓarke a arewacin Mozambik a 1981 a irin wannan hali. A Nijeriya ma Farfesa B. O. Osuntokun na Ibadan ya yi nazari tun shekarun 1960 a kan wata cutar jijiya da ke da alaƙa da yawan cin rogo a kudu maso yamma. Ɗalibin aikin gona a Keffi ya cancanci ya san wannan, kuma babin hanji ba zai kai shi can ba.

6.0 Idan aka toshe gurbin

Manhaja takan ambaci abubuwan da ke hana inzayim aiki a layi ɗaya ta wuce. Alhali misalin yana kan kantar kowane mai sayar da maganin ƙwari. Jijiya tana aika wa tsoka saƙo da wani abu da take fesawa, kuma akwai inzayim da ke tsinka wannan abu nan take, dubbai a cikin daƙiƙa, domin tsoka ta huta kafin saƙo na gaba. Dikulobos, wanda shi ne ƙarfin fiya-fiya, yana shiga gurbin wannan inzayim ya maƙale. Saƙo ya ƙi yankewa, yawu da gumi su yi ta zuba, tsoka ta yi ta rawa, numfashi ya gagara. Da haka yake kashe sauro da ƙwaron wake, da haka kuma yake cutar da mutum, domin inzayim ɗin namu da nasu 'yan'uwa ne. Ragowar wannan magani ce ta sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Nijeriya a 2015. Aikatau ɗin da malami yake buƙata a nan shi ne "toshe", kuma yaron da ya riga ya san akwai gurbi zai gane shi ba tare da wani dogon bayani ba.

7.0 Batun suna

Saura me za a kira shi. An sha ba da shawarar ƙirƙira, kamar "mai gaggautawa". Yana da kyau a matsayin bayani, amma ya yi faɗi a matsayin suna. Kanwa ma tana gaggauta nunar wake, kuma ba inzayim ba ce: ba furotin ba ce, ba ta zaɓe, tafasa ba ta lalata ta. Wasu malamai sukan kwatanta shi da dillali, wanda yake haɗa ciniki ba a sayar da shi ba. Kwatancin ya fi na kwaɗo, sai dai dillali yana cin la'ada, inzayim kuwa ba ya fita da komai. Ungozoma ta fi kusa, tun da ba ita ce mai haihuwa ba, ba ita aka haifa ba, ta sauƙaƙa abin da dama zai faru ta wuce gida na gaba. Duk waɗannan kwatance ne, ba sunaye ba.

A ganina aro ya fi, kuma babu abin kunya a ciki. Kalmar ta asali ma ba ta bayyana komai ba. Wilhelm Kühne na Jamus ne ya ƙirƙiro ta a shekarun 1870 daga Girkanci, ma'anarta kuwa "a cikin yis", wato sunan wurin da aka fara lura da abin ne kawai, kuma ɗalibin Ingila ba ya jin wannan ma'ana idan ya furta ta. Siffar "inzayim" ta bi hanyar da Hausa ta bi da "injin" da "injiniya", jinsinsa namiji, jam'insa "inzayimomi" a kan awon "fensirori" da "teburori". Rupert East da Abubakar Imam sun rubuta Ikon Allah a 1949, suka yi bayanin halittu da Hausar da kowa ke ji, ba su jira an gama ƙirƙirar sunaye ba. Mu masu nazarin harshe mun fi ɓata lokaci a kan sunaye, ina jin domin su ne suke shiga ƙamus. A wannan darasi kuwa aikatau ne suke ɗauke da ilimin: kama, tsinka, ƙulla, saki, lalace, toshe. Su ya kamata jagoran malami ya tsayar, ya kuma yi gargaɗi a fili game da "narke" da "kashe".

Gwajin da littattafai suka saba bayarwa shi ne a tofa yawu a cikin ruwan sitaci. Malamai da yawa sukan tsallake shi, domin tofa yawu a gaban jama'a abin ƙyama ne ga ɗalibai, balle 'yan mata. Tsiro ya kawar da wannan matsala. A dama gasara mai kauri, a bar ta ta huce har yatsa ya iya jurewa, a zuba a kofi uku. Na farko a ƙara masa ruwa zalla cokali biyu. Na biyu a ƙara masa ruwan da aka jiƙa niƙaƙƙen tsiro a ciki aka tace, shi ma cokali biyu. Na uku a ƙara masa irin wannan ruwan tsiro, amma bayan an tafasa shi ya huce. Kafin a tashi darasi na biyu zai tsinke, na farko da na uku suna nan da kaurinsu. Idan aka ɗebi kaɗan daga kowanne aka ɗiga masa aidin, wanda ake samu a kantin magani, na farko da na uku za su yi shuɗi mai duhu, na biyu kuwa launinsa zai yi ta raguwa gwargwadon daɗewarsa. Tsiron kuma ɗalibai ne za su kawo: dawa cikin gwangwanin madara, a jiƙa ta kwana, a shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhu a inuwa ana yayyafa ruwa, cikin kwana uku ko huɗu ta fito.